Tsutsar Cikin Ganyen Tumatir: Nazari a kan Rayuwa da Ɗabi'un Tuta absoluta

1.0 GABATARWA

A cikin watan Mayu na shekarar 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A wannan lokacin ne kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano ta dakatar da aiki, 'yan watanni kaɗan bayan buɗe ta, saboda rashin tumatirin da za ta niƙa. Kuɗin kwando ya ninka sau da yawa a kasuwanni, manoma kuwa da dama suka tashi ba uwa ba riba. Abin da ya haddasa wannan duka shi ne wani ɗan ƙwaro wanda tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Jaridu sun yi masa laƙabi da "Ebolar tumatir", manoman Kano kuwa suna kiransa "Sharon", amma sunan da masana suka fi saninsa da shi shi ne Tuta absoluta.

A cikin wannan maƙala ba mu yi nufin jera sunayen magunguna ba. Manufarmu ita ce mu bayyana yadda wannan halitta take rayuwa: inda ta fito, da matakan da take bi daga ƙwai zuwa girma, da abin da take ci, da abin da yake cin ta. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, ƙarfinta duka ya rataya ne a kan abubuwa biyu, watau ɓuya a cikin ganye da saurin hayayyafa, kuma duk wata dabara da ta yi tasiri a kanta daga sanin waɗannan biyu ta samo tushe. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

2.0 SUNA DA ASALI

Tuta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne irin na dare, dangin asu, daga cikin gidan da masana ke kira Gelechiidae. Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa kalmar ba ta da wata dangantaka da "tuta" ta Hausa wadda ake kafawa a kan sanda, kamar lafazi ce kawai. Za mu riƙa kiran ta da lamirin mace, tun da yake tsutsar ce aka fi sani, kuma ita ce mai ɓarnar.

Wanda ya fara bayyana ta a rubuce shi ne Edward Meyrick, wani malamin makaranta ɗan Ingila wanda ya raɗa wa dubban ƙananan ƙwari irin waɗannan suna. A shekarar 1917 ya yi bayaninta daga samfurin da aka kamo a Huancayo ta ƙasar Peru, gari mai tudun da ya ɗara mita 3,000 a kan duwatsun Andis, ya sa mata suna Phthorimaea absoluta. Daga baya masana suka yi ta ɗauke ta daga wannan rukuni zuwa wancan, har a 1994 aka sa ta a rukunin Tuta. A 2021 wani sabon nazari ya mayar da ita rukuninta na farko, saboda haka mai karatu zai tarar da sunayen biyu a rubuce-rubuce, duk kuwa abu ɗaya ake nufi. Wannan komawa ta sake haɗa ta da 'yar'uwarta Phthorimaea operculella, mai huda dankalin turawa a gona da rumbu.

Asalin nata yana da muhimmanci, domin yammacin Amurka ta Kudu nan ne mahaifar tumatirin daji da dankalin turawa. Ke nan Tuta ta daɗe tana zaune da tsirran wannan dangi, ta saba da gubar da ke cikin ganyensu wadda take korar ƙwari da yawa. Daga wajen shekarun 1960 ta bazu cikin ƙasashen yankin, irin su Cile da Ajantina da Birazil, ta zama babbar abokiyar gaban manomin tumatir a can shekaru da dama kafin a ji labarinta a wata nahiya.

3.0 MATAKAN RAYUWA

Kamar sauran danginta, Tuta tana bin matakai huɗu: ƙwai, da tsutsa, da kwanci, sa'an nan babban ƙwaro mai fukafukai.

3.1 Ƙwai

Uwa takan saka ƙwanta ɗai-ɗai, galibi a ƙarƙashin ganye ko a kan sabon toho, kaɗan kuma a kan kara da 'yar koriyar hular da ke kan ɗan tumatir. Tsawon ƙwan bai kai rabin milimita ba, launinsa fari ne mai ratsin ɗorawa, yana ƙara duhu in ya kusa ƙyanƙyashewa. Da wuya a gan shi ba tare da gilashi mai ƙara girman abu ba. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 260 a rayuwarta, mafi yawansu a cikin makon farko bayan barbara. A yanayi mai ɗumi ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 6.

3.2 Tsutsa

Sabuwar tsutsa ba ta kai milimita ɗaya ba, fara ce mai baƙin kai. Takan ɗan yi yawo a kan ganyen, sa'an nan ta huda fatarsa ta shige, kuma zamanta a waje ba ya wuce sa'o'i kaɗan. A ciki take yin saɓa sau uku, watau tana bin zango huɗu na girma, har ta kai wajen milimita 7 zuwa 8. Launinta yana sauyawa daga fari zuwa kore, daga ƙarshe bayanta ya yi ja-ja. Akwai wani siririn baƙin layi a bayan kanta wanda yake taimaka wa manazarci wajen gane ta. Wannan mataki yakan ɗauki kimanin mako biyu in akwai ɗumi, kuma a cikinsa ne ake yin ɓarnar duka.

3.3 Kwanci

Idan tsutsa ta ƙoshi, sai ta daina ci. Da yawa sukan sauko ƙasa ta kan siririn zaren da suke fitarwa, su shiga cikin turɓaya. Wasu sukan saƙa 'yar sheƙar zare a naɗin ganye, wasu kuma su zauna cikin ramin da suka ci. A nan jikin yake ƙanƙancewa ya taurare, ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa, kuma a cikin wannan ƙunshi ne ake sake ginin halittar gaba ɗaya. Bayan kimanin kwana 10 sai babban ƙwaro ya fito.

3.4 Babban Ƙwaro

Tsawonsa milimita 6 zuwa 7 ne, faɗin fukafukansa a buɗe kuwa kimanin milimita 10. Launinsa toka-toka ne da ɗigon baƙi a kan fukafukan gaba, yana da 'yan ƙahoni biyu dogaye sirara kamar zare. Da rana yakan laɓe a cikin ganyaye, sai an girgiza shukar ya tashi ya ɗan yi shawagi ya sake sauka. Da magariba da asuba yake harkarsa. Mace takan yi kwana 10 zuwa 15 a raye, namiji kuwa kimanin mako ɗaya. Babban ƙwaron ba ya cin ganye ko kaɗan, aikinsa barbara da saka ƙwai. Mace ce take kiran namiji ta hanyar wani ƙamshi da take fitarwa daga jikinta, wanda hancin ɗan Adam ba ya ji, amma namiji yana bin sa daga nesa. A 1995 masana suka gano babban sinadarin da ke cikin wannan ƙamshi, har aka iya haɗa shi a masana'anta. Za mu komo kan amfanin wannan a gaba.

4.0 ZAMAN CIKIN GANYE

Domin mu fahimci wannan ɗabi'a, sai mu dubi ginin ganye. Ganye, duk da rashin kaurinsa, hawa uku ne: fatar sama, da fatar ƙasa, da tsoka mai kore a tsakaninsu, inda shuka take sarrafa abincinta da hasken rana. Tsutsar Tuta tana cinye tsokar ne ta bar fatun biyu ba ta taɓa su ba. Ta haka take samun abinci da ɗaki a wuri ɗaya. Fatun suna kare ta daga zafin rana da bushewar iska, suna kare ta daga ƙwari masu farauta a kan ganye, kuma suna raba ta da gashin nan mai danƙo da tumatir yake kare kansa da shi. Haka kuma suke kare ta daga duk maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa manomi yakan yi feshi yau, gobe ya tarar da tsutsa tana ci kamar ba a yi ba.

Idan aka ɗaga ganyen da ta shiga aka duba shi ta fuskar rana, za a ga wani fili mai faɗi marar tsari, fari kamar takarda, da tsutsar a ciki, da baƙin kashinta a tare a gefe. Wajibi ne a bambanta wannan da aikin wani ɗan ƙuda mai suna Liriomyza, wanda tsutsarsa ma cikin ganyen tumatir take zama, amma ramin da take yi siriri ne mai lanƙwasa kamar sawun maciji a kan rairayi. Haka nan a bambanta ta da babbar tsutsar Helicoverpa, mai kai santimita 3 zuwa 4, wadda take yi wa 'ya'yan tumatir babban rami. Laƙabin "Ebola" ma yana iya ɓatar da mutum, domin gonar da Tuta ta cinye takan yi kama da wadda cuta ta kama ko wuta ta babbake, alhali kuwa ƙwaro ne, maganin cutar shuka ba ya yi masa kome.

Tsutsar ba ta tsaya ga ganye kaɗai ba. Takan fita daga wani rami ta buɗe wani, takan shiga kan toho ta tsayar da girman shuka, takan huda kara da fure, takan kuma shiga ɗan tumatir, galibi ta ƙarƙashin hularsa. Ƙofar da ta buɗe ita ce hanyar da ƙwayoyin ruɓa suke bi, sai tumatir ya lalace a gona ko a cikin kwando. Inda ba a ɗauki mataki ba, hasara takan kai kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari.

Ko da yake tumatir ta fi so, tana rayuwa a kan 'yan'uwansa, kamar dankalin turawa da yalo da taba, da ciyayin daji irin su gautan kaji da dangin zaƙami. Waɗannan su ne masauƙinta a lokacin da babu tumatir a gona.

5.0 ZAFI DA SAURIN HAYAYYAFA

Jikin ƙwaro ba ya riƙe ɗumin kansa kamar na ɗan Adam, saboda haka saurin girmansa yana bin zafin wurin da yake. Wani nazari da aka buga a Cile a 1998 ya nuna cewa daga ƙwai zuwa babban ƙwaro Tuta tana ɗaukar kimanin kwana 76 a digiri 14 na ma'aunin Selshiyos, kwana 40 a wajen digiri 20, amma kwana 24 kacal a digiri 27. Bugu da ƙari, ba ta da dogon barcin nan da wasu ƙwari suke yi su jira wata shekara. Muddin akwai abinci tana ci gaba da haihuwa, har takan yi zuriya 10 zuwa 12 a shekara ɗaya.

Bari mu yi ɗan lissafi don misali. A ce daga cikin ƙwan mace ɗaya 'ya'ya mata goma ne kawai suka rayu suka hayayyafa. A zuriya ta biyu sun zama ɗari, a ta uku dubu, a ta huɗu dubu goma. A lokacin zafi wannan duka bai fi wata uku da 'yan kwanaki ba, watau bai wuce tsawon zaman shuka ɗaya a gona ba. Kuma tun da zuriyoyin suna hawa kan juna, a rana ɗaya za a sami ƙwai da tsutsa da masu kwanci da manya duk a gona ɗaya. Feshin da ya sami wani mataki ya kuskure sauran ukun.

Wannan ya bayyana mana abin da ake gani a ƙasar Hausa. Mafi yawan tumatirinmu na noman rani ne. A cikin hunturu, sa'ad da dare yake da sanyi, Tuta tana nan amma tafiyarta a hankali take, manomi bai cika lura da ita ba. Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, sai kwanakin zuriya su gajarta, yawanta ya tashi gaba ɗaya, a ga kamar dare ɗaya ta sauka. Ruwan sama mai ƙarfi yakan rage ta, domin yana wanke ƙwai da ƙananan tsutsotsi, yana kuma hana manyan tashi.

6.0 YADDA TA BAZU

A ƙarshen shekarar 2006 aka fara ganin Tuta a wajen Amurka ta Kudu, a lardin Castellón da ke gabashin Sifen. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa waɗanda suka shiga Turai daga tsakiyar Cile suka fito. A 2008 ta kai Italiya da Faransa da Maroko da Aljeriya, a 2009 ta kai Masar, a 2010 Sudan. An ba da rahotonta a Sanigal da Habasha a 2012, a Jamhuriyar Nijar a 2013, a Tanzaniya da Indiya a 2014. A Nijeriya an gan ta a Jihohin Katsina da Kano a 2015, shekara ɗaya kafin babbar ɓarnar da muka ambata a farko, kuma ta sake tasowa da ƙarfi a bazarar 2023. A 2016 ta kai Afirka ta Kudu, a 2017 ta shiga yammacin ƙasar Sin.

Ƙwaro mai fukafukan milimita 10 ba zai ƙetare teku da hamada da ƙarfin kansa ba. Iska tana ɗaukarsa daga gona zuwa gona, amma doguwar tafiya ɗan Adam ne yake yi masa ita. Ƙwai yana manne a jikin dashe, tsutsa tana cikin ɗan tumatir, mai kwanci kuma yana maƙale a saƙar kwando ko a lungun mota. Kwandon da ya kai kaya kasuwa ya komo gona ba a tsabtace shi ba yana iya komowa da baƙuwar.

7.0 ABIN DA RAYUWARTA TAKE KOYA MANA

Darasi na farko ya shafi magani. Halittar da take yin zuriya goma a shekara, in ana ta yi mata feshi da magani iri ɗaya, 'yan kaɗan da suka jure su ne za su haifi na gaba, kuma ba da daɗewa ba gonar za ta cika da masu jurewa. An ga haka a Birazil da Cile da tsofaffin magunguna, kuma a 2015 aka ba da rahoton cewa a tsibirin Sisili na Italiya ta bijire wa sababbin magunguna na rukunin dayamaid, 'yan shekaru kaɗan bayan fara amfani da su. Ƙara yawan magani ba ya warware wannan, sai dai ya ƙara wa manomi kashe kuɗi, ya bar guba a kan abin da za a ci. Abin da ya dace shi ne a riƙa sauya rukunin magani daga zuriya zuwa zuriya, a kuma lura cewa sauya sunan kwalba ba shi ne sauya rukuni ba.

Darasi na biyu ya shafi abokan gabanta. Akwai wani ɗan koren ƙwaro mai suna Nesidiocoris tenuis, wanda ake samu a Afirka da ƙasashen Bahar Rum, yana tsotse ƙwan Tuta da ƙananan tsutsotsinta. Manoman kudancin Sifen suna sakinsa a kan dashe tun kafin a kai gona. Yana son shukar riɗi ƙwarai, amma in ya yi yawa ya rasa abin farauta yakan juya ya tsotsi tumatirin kansa, saboda haka sai da lura. Akwai kuma ƙananan zanzaro na rukunin Trichogramma masu saka ƙwansu a cikin ƙwanta. A 2017 cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi ta ɗauko wani zanzaro mai suna Dolichogenidea gelechiidivoris daga Peru, mahaifar Tuta, aka sake shi a gonakin Kenya a 2020. Shi yana gano tsutsar ne a cikin raminta ya saka mata ƙwai a jiki, ɗansa ya cinye ta daga ciki. A nan ɗakin da ya kare ta daga feshi ya zame mata kurkuku, domin ba ta da wurin gudu. Feshin da ba ya zaɓe kuwa waɗannan mataimaka yake fara kashewa, tun da su a fili suke, ita tana ɓoye.

Darasi na uku ya shafi lokaci. Tuta tana fili ne a matsayin ƙwai, da 'yan sa'o'in da sabuwar tsutsa take yi kafin ta shige, da lokacin da take sauya rami. Maganin da ake samu daga ƙwayar halittar Bacillus thuringiensis, da ruwan 'ya'yan darbejiya, sun fi tasiri a kan ƙananan tsutsotsi, kuma an fi son a fesa su da yamma domin hasken rana yana kashe ƙarfinsu. Hanyar sanin lokacin ita ce tarkon ƙamshin mace da muka ambata: akan rataya ɗan robar da ke ɗauke da ƙamshin a kan kwanon ruwa mai ɗan sabulu, maza su zo su faɗa. Yawan waɗanda aka kama shi yake sanar da manomi cewa ta iso tun kafin ganye ya nuna. Sai dai tarko shi kaɗai ba ya isa, domin namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa, kuma a 2012 wasu manazarta a Beljiyam suka ba da rahoton cewa a ɗakin gwaji wasu matan sun saka ƙwan da ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba.

Darasi na huɗu ya shafi yunwa. Tun da ba ta da dogon barci, rashin abinci yana karya ta. In aka tumɓuke tsohuwar shuka da an gama tsinka aka ƙone ko aka binne ta da zurfi, aka kaftu ƙasa domin rana ta sami masu kwanci, aka cire gautan kaji da makamantansa daga bakin gona, sa'an nan aka bar wurin kamar mako shida babu tumatir ko danginsa, to an yanke mata zuriya. Haka kuma rufe wurin renon iri da gidan sauro mai ƙananan idanu yana hana a kai ta gona a jikin dashe. Amma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. A wuri kamar Kura da Bunkure da Garun Malam, inda gonaki suke manne da juna a kan ruwan madatsar Tiga, gona ɗaya da aka yi watsi da ita bayan tsinka ta isa ta ciyar da maƙwabta duka da sababbin ƙwari.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan maƙala mun bi Tuta absoluta daga duwatsun Peru zuwa lambunan ƙasar Hausa, mun ga matakan rayuwarta huɗu, mun kuma ga cewa ɓuya tsakanin fatun ganye da gajeriyar zuriya su ne suka ba ta galaba a kan feshi. Tun da ta riga ta zauna a ƙasashenmu, batun kawar da ita gaba ɗaya bai taso ba, sai dai a riƙe ta a ƙasa da yawan da take ɓarna. Saboda haka muna ba da shawara ga jami'o'inmu da cibiyoyin binciken aikin gona su ƙidaya ƙwarin gida da suke cin ta a lambunanmu, su kuma tantance ciyayin da take fakewa a kansu da damina. Muna kuma kira ga malaman gona da masu shirye-shiryen noma a gidajen rediyo su koya wa manomi, da harshensa, yadda zai ɗaga ganye ya duba ta fuskar rana tun cikin hunturu, da yadda manoman fadama ɗaya za su haɗa kai a kan ranar dashe da ranar share gona.